Madatsar Goronyo da Darasin Aikin da Ba a Haɗa Sassansa Ba

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya bar gurbi a ƙasar Sakkwato. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun bushe, ga kuma kuɗin man fetur sun fara shigowa aljihun gwamnatin tarayya. Daga nan ne tunanin tare manyan koguna ya samu karɓuwa. A 1973 aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, a 1976 kuma aka raba ƙasar baki ɗaya ga irin waɗannan hukumomi guda 11. Samfurin ya fito ne daga Amurka, inda aka kafa hukumar kwarin Tenesi a 1933 bisa ra'ayin cewa a ɗauki kogi, daga mafarinsa har maƙuryarsa, a matsayin abu guda.

Babban aiki irin wannan yana buƙatar idanu biyu. Akwai idon manajan aiki, wanda damuwarsa ita ce kuɗi da lokaci da 'yan kwangila: yaushe za a gama, nawa za a kashe, wa zai kawo siminti. Akwai kuma idon injiniyan tsari, wanda ke tambayar yadda sassan aikin za su zauna da juna: idan an tare ruwa a nan, me zai faru da mai shinkafa a can ƙasa, wa zai buɗe ƙofa, da wane labari zai dogara kafin ya buɗe. Tarihin kwarin Rima ya nuna abin da ke faruwa idan ɗaya ya yi gaba ya bar ɗaya.

Bakolori ce ta fara. Tun 1969 rahoton hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da shawarar a bi a hankali, a fara da ƙaramin aiki da ba zai rikita noman da mutane suka saba ba. Abin da aka gina kusa da Talatar Mafara tsakanin 1974 da 1978, ta hannun kamfanin Impresit na Italiya, ya fi haka girma nesa ba kusa ba. Gini ya tashi, amma ba a ɗauki batun diyya da rabon gonaki a matsayin sashen aikin ba. Manoma sun zauna shekaru ba shuka, suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka da dama suka salwanta. A ƙasan madatsar kuwa, ambaliyar da ke jiƙa fadama kowace shekara ta ragu, shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Injinan feshin ruwa da aka girka sun dogara da lantarki, da lantarkin ya gagara sai suka zama tarin ƙarfe.

Madatsar Goronyo ta biyo baya a kan kogin Rima. An kammala ta a 1984, tsawonta ya kai kilomita 12, kuma an tsara ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Nauyi uku aka ɗora mata: noman rani a tsakiyar kwarin Rima, ruwan sha ga Sakkwato da Birnin Kebbi, da rage ambaliya. Waɗannan bukatu ba su jituwa da kansu. Mai noman rani yana son tafki ya cika maƙil a ƙarshen damina. Mai tsoron ambaliya yana son a bar wuri ko da ruwa zai zo da ƙarfi a watan Satumba. Sasanta su ba aikin ɗan kwangila ba ne, aikin ƙa'idar sakin ruwa ne da ma'aunan da ke can sama.

Kuma sama ɗin tana da nisa. Rima tana karɓar ruwan Bunsuru da Gagare, da na Gulbin Maraɗi wanda ke tasowa daga Katsina, ya ratsa Jamhuriyar Nijar, ya sake dawowa Najeriya. Akwai madatsun Zobe da Jibiya a kan waɗannan rassa. Wanda ke riƙe da ƙofar Goronyo yana buƙatar sanin abin da ya sauka a jihohi da ƙasar da ba ya da iko da su.

Ba a ƙaddamar da madatsar ba sai 1992, shekara takwas bayan gama ginin, magudanan da za su kai ruwa gonaki kuwa sun fi haka jinkiri, har yanzu wani yanki ne kawai na filin da aka tsara ke shan ruwa. A takardar kwangila aiki ya ƙare. A wurin manomin albasa da tafarnuwa na Wurno da Magarya, ko mai shinkafa a fadamun Goronyo, aiki bai ƙare ba sai ruwa ya iso bakin gona a kan kari.

Shekaru biyu sun fito da kowane gefe na matsalar. A Satumbar 2010 ruwa ya fi ƙarfin mafitar madatsar, ya shafe ƙauyuka da gonaki, ya yanke hanyar da ke kaiwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma tafkin ya janye har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ya kamata ya riƙe, aka ɗora laifin a kan ƙarancin ruwan sama da yashin da ya taru a ƙasansa, birnin Sakkwato ya shiga fargabar ƙishirwa.

Shirin gyaran noman rani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya haɗa da Bakolori da tsakiyar Rima. Abin lura shi ne ya sa lafiyar madatsa, da gyaran magudanai, da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa a cikin lissafi ɗaya. Da an yi haka tun farko, da an rage asara mai yawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manaja ba tare da injiniyan tsari ba zai miƙa gini a kan lokaci, ya bar mutane da rikicinsa. Injiniyan tsari ba tare da manaja ba zai cika ɗaki da zane, kuɗi su ƙare ba a haƙa rami ko ɗaya ba. Kamata ya yi su zauna tun ranar farko a kan jadawali guda, kuma su yarda cewa manomi da masunci da makiyayi sassan aikin ne kamar ƙofar ƙarfe da bangon yashi.