Almasihun da Ake Jira da Almasihun da Ya Zo

Akwai tazara mai faɗi tsakanin sanin ko wane ne Yesu da abin da mai bi ke sa ran samu a wurinsa. Matsayin wannan maƙala shi ne, mutum na iya kiran Mai Ceto da sunansa na gaskiya, ya kuma ɗora masa aikin da bai zo yi ba. A tauhidin Kirista, gicciye ne ma'aunin da ke bambance biyun.

Begen Yahudawan ƙarni na farko yana da tushe. A shekara ta 63 kafin haihuwar Almasihu, janar ɗin Romawa Pompey ya ci Urushalima. A shekara ta 6 miladiyya, Yahuza Bagalile ya tayar da bore saboda ƙidayar da Romawa suka yi don karɓar haraji. Babi na 17 na Zaburar Sulemanu, wadda aka rubuta a wancan zamani, yana roƙon sarki daga zuriyar Dauda da zai kori baƙi daga birnin. Ra'ayi bai zo ɗaya ba, domin wasu rubuce-rubucen Yahudawa da aka gano a Kumran suna jiran shafaffu biyu, firist da sarki. Amma talakan da ke ganin sojan Roma a ƙofar garinsa, ceton da ya fi fahimta shi ne a ɗauke masa wannan karkiya.

Bisharar Markus ta nuna matsalar ƙarara a sura ta 8. A yankin Kaisariya Filibi, garin da aka raɗa wa sunan Kaisar, Yesu ya tambayi almajiransa ko wa suka ɗauke shi. Bitrus ya amsa cewa shi ne Almasihu, amsar kuwa daidai ce. Da Yesu ya shiga bayyana cewa zai sha wuya, shugabanni su ƙi shi, a kashe shi, ya tashi bayan kwana uku, sai Bitrus ya ja shi gefe yana tsawata masa. Nan take Yesu ya juya ya kira shi Shaiɗan. Bakin da ya furta shaidar gaskiya, shi ne kuma ya nemi tare hanyar gicciye.

Markus ya maimaita wannan tsari sau uku. A sura ta 9, bayan Yesu ya sake faɗin mutuwarsa, almajirai suka kama gardamar wane ne babba a cikinsu. A sura ta 10, Yakubu da Yahaya suka nemi kujerun dama da hagu. Darasin a fili yake: kuskuren ya fito ne daga na kusa, waɗanda suka bar tarunsu suka bi shi. Har bayan tashinsa daga matattu, Ayyukan Manzanni ya nuna su suna tambayar ko lokacin mayar wa Isra'ila sarauta ya yi.

Ikilisiya ta gaji wannan jarraba. Bayan nasarar Konstantin, sarkin Roma, a shekarar 312, Kiristoci da yawa suka haɗa mulkin Almasihu da ƙarfin daula. Da Gotawa suka wawushe Roma a 410, zukata suka raurawa, har Agustin, bishop ɗin Hippo a Aljeriya ta yau, ya rubuta Birnin Allah don ya nuna cewa faɗuwar daula ba faɗuwar Almasihu ba ce. A zamaninmu jarrabar ta zo da rigar wa'azin wadata, wanda ya bunƙasa a Amurka ya kuma yi ƙarfi a Najeriya: ka shuka iri da kuɗinka, ka girbe lafiya, aiki, mota da haihuwa. Idan girbin bai zo ba, sai a ce bangaskiyar mai bi ce ta gaza, a ƙara wa mai rauni wani raunin.

Mai suka zai ce ai Yesu ya warkar da kutare, ya ciyar da mutum 5,000, ya koyar da roƙon abincin yau da kullum. Wannan gaskiya ce, kuma uwar da ke kuka ga Allah saboda ɗanta mara lafiya ba ta yi laifi ba. Sai dai Bisharar Yahaya ta ce taron da ya ci ya ƙoshi ya so naɗa shi sarki da ƙarfi, shi kuwa ya janye zuwa kan dutse. Ya biya buƙatarsu, bai yarda ta zama ita ke tsara aikinsa ba.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya ta fuskanci tambayar irin ceton da Yesu ya kawo da jini. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, da yawansu 'ya'yanta ne, Boko Haram ta kuma mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi. Wa'azin da ya alkawarta kariya da wadata ba shi da abin faɗa wa waɗannan iyaye. Abin da zai iya riƙe su shi ne Mai Ceton da ya san azaba a jikinsa, ya yafe wa masu gicciye shi, ya kuma ci nasara a kan mutuwa.

Don haka aikin fastoci da makarantun tauhidi bai ƙare a koyar da sunayen Yesu ba. Wajibi ne su koya wa jama'a auna burinsu da rayuwarsa da mutuwarsa, tun kafin ranar wahala ta zo.