Daga Zamanin 504 Zuwa Otomatik: Wa Ke Ɗaukar Asarar Giyabos?

Da wuya a sami gardamar da ta fi zafi a bakin gareji kamar wadda ke tashi bayan an yi wa motar otomatik aikin giyabos. An sauke, an buɗe, an sa sababbin faiba, an mayar, mai mota ya biya maƙudan kuɗi ya tafi yana sa albarka. Ba a rufa wata ba sai ga shi ya dawo: mota tana fizga idan za ta canja giya, ko a sa ribas ta yi jim kafin ta kama, ko injin ya yi ta kuka a kan titi ita kuwa ba ta ja. Shi ya ce an cuce shi, bakanike ya ce ya yi nasa, a binciki tuƙi. Hukuncin da jama'a suka fi yankewa shi ne amana ta ƙare a sana'ar. A ganina wannan hukunci ya yi gajere. Kanikancinmu sana'a ce da aka raina a kan wata irin mota, aka wayi gari aka miƙa mata wata dabam, kuma har yau ba a zauna an tsayar da wanda zai ɗauki asara idan gyara ya ƙi ba.

A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri ta Kaduna, kuma daga nan 504 ta mamaye hanyoyin Arewa. Ita ce motar ofis, ita ce tasi, ita ce mai ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Maiduguri. Giyarta ta hannu ce, ƙarafa ne masu haƙora da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Yaron da aka kai gareji yakan yi shekaru yana wanke kaya da fetur yana miƙa sifana, kuma kusan mota iri ɗaya yake gani safe da yamma, har ya kai ga ya ji ƙarar giya daga nesa ya faɗi abin da ya cinye. Kayan gyara na ainihi suna nan a kantunan dillalan kamfani. Idan aiki ya dawo, ba a daɗe ana musu, domin da an kwance za a ga ko haƙori ne ya karye ko kuloci ne ya ƙone saboda ƙafar direba. Laifi a fili yake, shi ya sa kalmar baki ta wadatar tsakanin Alhaji da bakanikensa.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ne ya rushe wannan zama. Naira da ke kusan kunnen doki da dala ta faɗi zuwa wajen huɗu, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma ga 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano. Da farko daga Turai suke zuwa, yawanci masu giyar hannu. Daga baya kasuwa ta karkata Amurka, inda otomatik ta yi kaka-gida tun bayan da General Motors ya fito da Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940. Camry da Accord da Sienna suka cika gari, akasari sun riga sun ci nisa mai yawa, wasunsu ma da ciwonsu suka taho. A 2004 kamfanin Honda da kansa ya kira dubban ɗaruruwan motocinsa a Amurka saboda zafin da giya ta biyu ke ɗauka. Can kamfani ne ya biya. Da ire-irensu suka tsufa suka sauka Kwatano da Legas, babu sauran mai biya sai wanda ya saya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne giyabos ɗin otomatik ba ya yafe irin yanayin da garejinmu ke aiki a ciki. Da matsin mai yake aiki, man kuma yana bi ta wasu 'yan hanyoyi masu ƙofofi da ƙwayar yashi ɗaya kan iya maƙale su. A dubi inda ake kwance shi: ƙarƙashin darbejiya, a kan kwali, iskar hunturu na kaɗa ƙura, yaro na goge kaya da tsumma mai zubar da zare. Tazarar da ke tsakanin faiba kuwa awonta bai kai milimita biyu ba a yawancin motoci, ba abin da za a kintata da yatsa ba ne. Sai kuma abin da ke wajen akwatin. Lokacin da tsohon giyabos ya ƙone, garin faiba da na ƙarfe sun riga sun taru a cikin konbata da bututun da ke kai mai lagireto ya huce. Idan ba a wanke bututun ba, ba a canja konbata ko an buɗe ta ba, dattin nan zai koma cikin sabon aiki tun a fitar farko. Ga batun mai: Honda na da nata, Toyota na da T-IV da WS, mota mai giyabos irin na CVT nata dabam ne ɗungurungum, amma a kasuwa duk jan mai sunansa man giya. Motocin baya-bayan nan kuma kwamfutarsu ta saba da tsohon giyabos mai santsi, sai an goge abin da ta riƙe ta sake koyo, in ba haka ba ta ci gaba da bugun sabon. Bakanike mai gaskiya ƙwarai zai iya faɗawa kowane ɗaya daga cikin ramukan nan, don ogansa bai taɓa nuna masa su ba, shi ma ogan ba a nuna masa ba.

Za a ce ai akwai maha'inta, masu karɓar kuɗin sabon kaya su mayar da tsoho. Akwai su, kuma ba na wanke su. Sai dai rashin ƙa'ida ne ya ba su wurin ɓuya, tun da aikin mai ha'inci da na mai kuskure duk iri ɗaya suke dawowa, kuma babu takardar da za ta raba su. Wasu kuma za su ce kasuwa ta riga ta warware matsalar: a daina gyara, a je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas a ɗauko ɗan Beljiyam a ɗaura. Sau da yawa hakan ya fi araha, gaskiya ne. Amma wanda aka ɗauko ɗin sa'an wanda ya mutu ne, ba a san nisan da ya ci ba, kuma 'yan kwanakin gwaji da mai kaya ke bayarwa sukan ƙare kafin ciwo ya fito. Mafi muni, kowane giyabos da aka musanya maimakon a gyara, darasi ne da ya wuce yaran gareji. Haka sana'ar gyara ke komawa ta saukewa da ɗorawa.

Amurkawa ma sun sha wannan rikici, har masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu ta ATRA a 1954, wadda daga baya ta fito da garanti a rubuce da garejin wani ɗan ƙungiya a wani gari zai mutunta. Na san za a ce bakaniken da ke cin abinci daga aikin yini ba shi da jarin da zai ɗauki irin wannan alkawari, ga ramukan hanya, ga zafi, ga masu mota da ba sa canja mai sai ya yi baƙi. Wannan uzuri yana da nauyi, amma abin da yake nunawa shi ne garanti na bukatar sharuɗɗa, ba wai a bar shi ba. Kuma ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya karɓa ya yi aikinsu a bayan idon mai su, kuma dillalin kasuwar shanu ya daɗe yana tsaya wa mai saye da mai sayarwa. Ƙungiyar makanikai ta NATA tana da rassa a garuruwa, kuma shugabannin gareji sun saba sasanta rigima. Abin da ya rage shi ne su tsayar da takarda ɗaya da kowa zai sani: a rubuta kayan da aka canja, a miƙa wa mai mota tsofaffin a hannu, a faɗi ko an taɓa konbata da bututun sanyaya mai, a rubuta sunan man da aka zuba da lambar da ke kan mita ranar da mota ta fita, sannan a ƙayyade watanni nawa aikin ke wuyan bakanike da abin da zai sauke shi daga wuyansa.