Gajeriyar Tafiya A Jirgin Sama: Abin Da Za Ka Tarar, Da Yadda Za Ka Kiyaye Sallarka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa mai karatu, wannan bayani domin wanda zai hau jirgin sama ne a cikin gida Najeriya, a kujerun gama-gari waɗanda ake kira ikonomi, musamman wanda bai taɓa hawa ba. Za mu yi misali da mutumin Rigachikun da zai tashi daga Kaduna zuwa Legas. Abin da muke so ka riƙe tun farko shi ne: zaman cikin jirgin bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba, amma tafiyar kan cinye rabin yini. Sallar da takan kuɓuce wa matafiyi, galibi a ƙasa take kuɓucewa, a layi da zauren jira. Wanda ya tsara lokacinsa tun daga gida ba kasafai yake buƙatar yin sallah a kan kujera ba.

Daga gida zuwa filin jirgi

Filin jirgin saman Kaduna yana arewa maso yammacin gari, a ƙaramar hukumar Igabi, wadda Rigachikun ma take cikinta. Za ka biyo titin Zariya zuwa Kawo, ka karkata ta Mando, ka miƙe hanyar Afaka. Hukumar FAAN ce ke kula da filin, kuma shi ne ya karɓi jiragen Abuja na tsawon makonni shida daga ranar 8 ga Maris, 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja domin gyaran titin sauka da tashi.

Ka yi nufin isa aƙalla awa biyu kafin lokacin da ke kan tikitinka, domin ana rufe tantance fasinjoji tun kafin lokacin tashi, kuma cunkoson Kawo ba ya ba da sanarwa. Ka riƙe katin shaida mai hoto wanda sunan da ke jikinsa ya yi daidai da na tikitin. A kanta za a auna jakarka, a ba ka katin shiga jirgi mai ɗauke da lambar kujerarka. Nauyin kayan da aka yarje maka yana rubuce a tikiti, abin da ya haura kuma sai ka biya. Wuƙa, almakashi da duk wani abu mai kaifi ba sa shiga jakar hannu. Fawa bank da batiran waya kuwa a jakar hannu ake son su, ba a cikin kayan da za a loda a ƙarƙashin jirgi ba, saboda tsoron gobara.

Wani abu da ya kamata ka kiyaye: kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba domin ka kai masa Legas, komai kamalarsa. Duk abin da aka samu a jakarka, kai za a tambaya.

Me za ka tarar a cikin jirgin?

Kujerun gama-gari a matse suke, uku-uku ko biyu-biyu a kowane gefe gwargwadon girman jirgin, da siririyar hanya a tsakiya. Lamba tana nuna layi, harafi yana nuna kujera. Ka sa jakarka a ma'ajiyar da ke sama ko ƙarƙashin kujerar gabanka, ka zauna, ka ɗaura bel. Ma'aikatan jirgi za su nuna ƙofofin fita na gaggawa, da abin shaƙar iska, da rigar ruwa. Ka saurara ko da ka sha ji. A watan Agustan 2025 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ba da umarnin a riƙa kashe waya ɗungurungum a lokacin tashi da sauka.

Idan jirgi ya ɗauki gudu za ka ji an manna ka da kujera, sannan ya ɗaga hanci. Kunnenka zai iya toshewa, musamman wurin sauka, saboda sauyin matsin iska: a sama, iskar cikin jirgin takan zama kamar ta wanda ke kan dutse mai tsawon kusan mita 2,000. Haɗiyar yawu ko hamma suna buɗe shi, jariri kuma a ba shi nono. Wani lokaci jirgin zai yi gargada kamar mota a hanyar burji, an fi samun haka da damina idan ya ratsa gajimare. Ba alamar lalacewa ba ce, amma ita ce dalilin da ya sa ake son bel ɗinka ya kasance a ɗaure muddin kana zaune. Abinci a irin wannan tafiya bai wuce ruwa da ɗan abin taɓawa ba. Kafin ka gama ma an fara shirin sauka a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja.

Bin umarnin ma'aikata yana cikin cika sharaɗin da ka amince da shi ranar da ka sayi tikiti, kuma kare rayuka ne, naka da na sauran mutane. Musulmi ba ya wasa da ɗayan biyun. Idan an haɗa ka kujera da macen da ba muharramarka ba, ko ke 'yar'uwa aka haɗa ki da namiji, a roƙi ma'aikata canji cikin ladabi. In ya samu, madalla. In bai samu ba, a kame ido da jiki, ba a tayar da husuma.

Wace addu'a za ka yi?

Addu'ar hawa abin hawa tana cikin aya ta 13 da ta 14 na Suratuz Zukhruf, cikakkiyar addu'ar tafiya kuma ta zo a hadisin Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, a Sahihu Muslim. Ka haddace su kafin ranar. Bukhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa sahabbai sukan yi kabbara idan suna hawan tudu, su yi tasbihi idan suna gangara, don haka malamai da dama suka so kabbara lokacin da jirgi ke ɗagawa, da tasbihi lokacin da yake sauka. Ka yi a hankali, tsakaninka da Ubangijinka. Ka tuna kuma matafiyi yana cikin waɗanda hadisi ya ambata ana amsa addu'arsu.

Tafiyar awa ɗaya tana halatta ƙasaru?

E, tana halattawa, domin a wurin jumhurun malamai nisa ake dubawa, ba daɗewa a hanya ko shan wahala ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risalar Ibnu Abi Zaid, nisan ƙasaru baridi huɗu ne, wato mil 48, abin da ya kai kilomita 80 da 'yan kai. Tsakanin Kaduna da Legas ya haura kilomita 600 ko ta sama aka auna. Saboda haka za ka mayar da Azahar, La'asar da Isha'i raka'a biyu-biyu. Asuba da Magariba ba a rage su. Asalin hukuncin yana aya ta 101 ta Suratun Nisa'i da aikin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam.

Ƙasaru yana farawa ne bayan ka wuce gine-ginen garinku, ba daga ƙofar gida ba. Malaman wannan zamani sun ce idan filin jirgi ya rabu da gari ana iya ƙasaru a cikinsa, idan kuwa gari ya haɗe da shi sai a cika. Tunda unguwannin Kaduna suna ta miƙewa ta wannan ɓangare, kuma ana iya soke tashin ka koma gida, abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ka cika sallah a filin Kaduna. A Legas kuwa kai matafiyi ne, sai fa idan ka yi niyyar zaman cikakkun kwana huɗu, to daga nan sai ka cika. Haka nan idan ka bi liman mazaunin gari, sai ka cika tare da shi.

Idan lokacin sallah ya riske ka fa?

Ka yi alwala tun a ƙasa. Bayan gidan jirgi ƙarami ne ƙwarai, ruwansa kaɗan ne, kuma ba a shiga idan fitilar bel tana kunne. In ta kama dole, wanke kowace gaɓa sau ɗaya ya wadatar, kada ka jiƙa wa mutane ƙasa.

Sannan ka duba lokacin tashinka:

Idan lokacin sallah ya shiga kafin a kira ku, ka tambayi inda masallaci yake, ka yi ta a tsaye da ruku'u da sujada. Kada ka ce sai an sauka alhali ba ka san yaushe za a tashi ba.

Idan lokacin ya shiga kana sama, kuma za ka sauka kafin ya fita, ka jinkirta har ka sauka. Wannan shi ne yawancin hali a Azahar, La'asar da Isha'i. Legas tana yamma da Kaduna, don haka zawali a can yakan biyo na Kaduna da kimanin rubu'in awa.

Idan rana ta faɗi kana sama, kana da sauƙin da aka yi wa matafiyi: ka yi niyyar jinkirta Magariba ka haɗa ta da Isha'i bayan ka sauka.

Asuba ce ke buƙatar kulawa ta musamman, domin ba a haɗa ta da wata sallah, kuma tsakanin ketowar alfijir da fitowar rana a ƙasarmu awa ɗaya ne da 'yan mintuna, kusan tsawon tafiyar kenan. Idan alfijir ya keto kuna cikin jirgi, kuma ka ga rana za ta fito kafin ka samu wurin sallah a ƙasa, ka yi ta a nan. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya nuna wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune. A ƙaramin jirgi ba a yarda ka tare hanya ba, don haka sai ka yi a kujerarka, kana nuni da kai, sujada ta fi ruku'u sunkuyawa. Alƙiblar Kaduna gabas ce mai karkata arewa. Jirgin Legas yana fuskantar kudu maso yamma, wato alƙibla tana bayanka. A dawowa kuwa tana gabanka, ta ɗan karkata dama. Ka fuskance ta gwargwadon iko, abin da ya gagara Allah bai ɗora maka ba.

Ranar Juma'a kuwa, malaman Malikiyya sun karhanta fita tafiya bayan alfijir, sun haramta ta bayan zawali ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa, sai da lalura ko idan zai riske ta a wani wuri. Ka duba wannan tun lokacin sayen tikiti.

Mai azumi fa?

An yi wa matafiyi rangwamen shan azumi ya rama, kamar yadda yake a aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara, amma a wurin Malikiyya yin azumin ya fi ga wanda ba zai wahala ba. Sun kuma sharɗanta a fara tafiyar kafin alfijir; wanda ya wayi gari da azumi a gida sannan ya hau jirgin rana, ya cika azuminsa. Haɗiyar yawu domin buɗe kunne ba ta karya azumi. Idan lokacin buɗa-baki ya zo kana sama, ranar da kake gani ta taga ita ce abin lura, ba agogon garin da ke ƙarƙashinka ba, domin wanda ke sama yana ganin rana bayan ta faɗi ga mutanen ƙasa. Wanda ya riga ya sha ruwa a ƙasa bayan faɗuwar rana, sannan jirgi ya ɗaga ya sake ganinta, azuminsa ya cika.

Idan jirgi ya yi jinkiri?

Jinkiri abu ne da ake yawan samu, musamman da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke hana matuƙi ganin titin sauka. A nan ne mutum kan zauna yana sauraron sanarwa har La'asar ta wuce shi. Da zarar lokaci ya shiga, ka roƙi na kusa da kai ya kira ka in an fara shiga, ka je ka yi sallarka. Ba ta kai minti goma ba.

Neman haƙƙinka bai saɓa wa haƙuri ba. Sashe na 19 na dokokin NCAA ya tanadi cewa a tafiyar cikin gida, idan jinkiri ya kai awa biyu a ba fasinja abin sha da abin taɓawa, idan ya haura awa uku yana da damar neman a mayar masa da kuɗinsa. Ka nema da kyakkyawar magana, in ba a biya maka ba ka kai ƙorafi ga jami'an kare haƙƙin fasinja na hukumar. Zagin ma'aikaciyar kanta, wadda ba ita ta kawo hazo ba, zalunci ne, kuma tare ƙofa ko hana jirgi tashi laifi ne a doka.

Idan kun sauka, ka zauna har fitilar bel ta mutu, ka bar na gabanka su fita, ka taimaki tsoho da mai goyo wurin sauke jaka. Ka duba lambar da aka liƙa wa jakarka kafin ka ɗauka, domin jakunkuna suna kama da juna. Sannan, kafin ka shiga mota ka faɗa cunkoson Legas, ka sauke sallar da ke kanka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai ga iyalinka lafiya. Allah ne Mafi sani.