Daga Fatar Goshi Zuwa Ɗakin Tiyata: Tarihin Gyaran Hanci

A zamanin da, idan mai mulki ya so ya tozarta mutum ba tare da ya kashe shi ba, hancinsa yake sa a datse. Dungulmin hannu yana ɓuya a cikin riga, tabon bulala ma haka, amma hanci a tsakiyar fuska yake, duk wanda ya dube ka shi zai fara gani. A shekarar 695 aka tuɓe sarkin Rumawan gabas, Justinian na Biyu, aka yanke masa hanci don kada ya sake hawa gadon mulki, ko da yake bayan shekara goma ya dawo ya ƙwace sarautarsa. A ƙasar Larabawa kuwa, an sare wa Arfaja ɗan As'ad hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Saboda irin waɗannan mutane aka fara aikin gyaran hanci. Masu neman ƙarin kyau sai can daga baya suka shigo.

Tsoffin Misirawa sun san yadda ake ɗora karyayyen hanci, su cusa lilin a kafofinsa don ya tsaya daidai. Amma gina sabon hanci a inda babu shi, wannan a Indiya aka fara rubuta shi, a littafin likitanci da ake jingina wa Sushruta, wanda ya haura shekara dubu biyu. Likita zai yanki ganye daidai girman gurbin, ya ɗora a kumatun majiyyaci ya auna, ya yanko fata amma ya bar gefe guda a manne da jiki domin jini ya ci gaba da shigarta. Sai ya kankare bakin tsohon raunin har ya yi sabon jini, ya juyo fatar ya ɗinke, ya zura bututu biyu a kafofin. Waɗannan bututun biyu suna nuna cewa tun ranar farko masu aikin sun san hanci ba ado ba ne kawai, hanya ce ta numfashi.

A ƙarni na 15 wani gida a tsibirin Sisili, gidan Branca, ya yi suna da wannan sana'a, su ne kuma suka koma ɗebo fata daga damtse don kada a ƙara wa fuska tabo. Gaspare Tagliacozzi, malamin tiyata a Jami'ar Bologna, ya rubuta hanyar dalla-dalla da zane-zane a 1597. Duk wanda ya ga zanen zai tausaya wa majiyyacin: an ɗaga hannunsa an ɗaure shi tamau a kansa da madauri na fata, damtsensa manne da fuskarsa, haka zai ci, haka zai kwana, wajen mako uku kafin a raba su. Babu maganin sa barci, babu na kashe zafi. Mutum ba ya yarda da wannan azaba sai rayuwa babu hanci ta fi ta ɗaci. Bayan rasuwar Tagliacozzi aikin ya dushe a Turai kusan shekara ɗari biyu, alhali a lokacin ne ake matuƙar buƙatarsa, domin cutar tunjere ta bazu tana ruɓar da karan hanci, mutane kuma suna kallon ramin fuskar a matsayin shaidar alfasha.

Abin da ya farfaɗo da shi labarin wani talaka ne mai suna Cowasjee, mai kora shanun dako a rundunar Ingila a Indiya. Sojojin wani sarki a Indiya, Tipu Sultan, suka kama shi, suka yanke masa hanci da hannu ɗaya. Bayan kamar shekara guda wani mai sana'ar hannu a yankin Pune, wanda bai taɓa shiga makarantar likita ba, ya gina masa sabon hanci a gaban likitocin Ingila biyu, Thomas Cruso da James Findlay. Ya mulmula kakin zuma a kan gurbin har ya yi siffar hanci, ya baje shi a goshi ya zagaye shi da zane, ya ɗago fatar ya bar ɗan siriri tsakanin girare, ya murɗo ta ƙasa ya dasa. Sai bayan kwana 25 ya yanke siririn, lokacin da fatar ta kama. A watan Oktoba na 1794 mujallar Gentleman's Magazine ta Landan ta buga labarin tare da hoton mutumin. Wani likitan fiɗa, Joseph Carpue, ya yi ta gwaji a kan gawawwaki, sai a 1814 ya yi wa wani hafsan soja aikin ya kuma yi nasara. Daga littafinsa na 1816 Jamusawa suka ɗauka, Karl von Graefe da Johann Dieffenbach suka faɗaɗa shi a Balin. Sunayen waɗannan duka suna cikin littattafai. Na mutumin Pune da ya koya musu bai shiga mujallar ba, kuma wannan rashin adalci ne da ya kamata a riƙa faɗa.

Har zuwa nan, da wuya a sami mai lafiyayyen hanci da zai miƙa fuskarsa ga wuƙa. Abubuwa uku suka sauya lissafin: maganin sa barci a 1846, hanyar Joseph Lister ta kashe ƙwayoyin cuta a 1867, da gano cewa koken yana kashe zafi a wurin da aka shafa shi a 1884. Shekara uku bayan haka John Orlando Roe, likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Rochester ta jihar New York, ya rage girman kan hanci ta cikin kafofin, ba tare da ya bar tabo a waje ba. Wanda ya mayar da abin cikakken fanni shi ne Jacques Joseph na Balin. A 1898 ya rage wa wani saurayi hanci, saurayin da ya daina shiga mutane saboda ba'a, kuma Joseph ya kafe cewa ya warkar da ciwo ne na gaske, ciwon zuciya. Akwai ɗaci a tarihinsa. Shi Bayahude ne a ƙasar da ake zana Yahudawa da lanƙwasasshen hanci don izgili, da yawa daga masu zuwa wurinsa kuma so suke su saje da jama'a su huta da tsangwama. Ya gyara fuskokin sojojin Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamar yadda Harold Gillies ya yi wa dubban sojojin Ingila a asibitin Sidcup, amma da 'yan Nazi suka hau mulki suka takura masa. Ya rasu a 1934.

Ɓangaren numfashi ya bi tasa hanyar. Shamakin guringuntsi da ƙashi da ya raba kafofin hanci yakan karkace, ya toshe gefe ɗaya, mutum ya riƙa kwana da baki buɗe. A farkon ƙarni na 20 Otto Freer a Chicago da Gustav Killian a Jamus suka nuna yadda ake ɗaga tantanin ciki a cire karkataccen. Sai dai wasu likitocin sun riƙa cirewa fiye da kima, kamar wanda ya zare ginshiƙin soro don ya ƙara fili, bayan shekaru karan hanci ya rufta. Wani likita, Maurice Cottle, ya karkato da fannin zuwa miƙar da shamakin a bar shi a wurinsa. Masu aikin ado ma sun sha irin wannan darasi: ƙananan hancinan da aka yi yayi a Amurka a tsakiyar ƙarnin sun bar mutane da yawa da shaƙewa, har Jack Sheen ya fito a 1984 da dabarar dasa siraran guringuntsi a ciki don buɗe hanyar iska.

Yau gyaran hanci yana cikin tiyatar ado da aka fi yi a duniya. A Tehran filasta a kan hanci ba abin ɓoyewa ba ne, Istanbul kuma ta zama kasuwar masu zuwa daga ƙetare. Mu ma son dogon hanci ba baƙo ba ne a wurinmu. Ungozoma takan gasa hancin jariri da ruwan ɗumi tana jan karansa, marubutan littattafan soyayya kuma ba sa gajiya da yabon hanci har baka. Ta fuskar addini kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta tattauna tiyatar ado a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta abin da ya shafi gyara aibi ko maido da aikin gaɓa, ta hana sauya lafiyayyar halitta don bin yayi.

A Arewa, babban aikin yana inda aka faro shi, wato maido wa mutum fuskar da ya rasa. Cutar noma mai cin naman fuska tana kama ƙananan yara masu tamowa, ta fara daga dasashi, cikin 'yan kwanaki ta cinye leɓe, kumatu, wani lokaci har da hanci. Mafi yawan waɗanda ba su samu magani ba mutuwa suke yi, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita idan an kama ta da wuri. Waɗanda suka tsira sukan girma a ɓoye, wasu ba makaranta, wasu ba aure. Tun 1999 akwai asibitin noma a Sakkwato, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana tallafa masa tun 2014. A can likitocin fiɗa na gida da na waje suna sake gina fuskoki kyauta, sau da yawa a matakai, kuma fatar goshi tana cikin abin da ake juyowa a yi hanci da shi har gobe. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa.