Zaɓen Kyamarori Masu Cike Giɓin Juna a Ɗaukar Hawan Sallah: Nazari Daga Haɗeja

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ake haɗa kyamarori da yawa wajen ɗaukar hawan Sallah a Haɗeja. Ta nuna cewa raba aiki tsakanin kyamarori mabambanta ya fi tara iri ɗaya amfani, matuƙar an daidaita gudun hoto da launi kafin a fita fili.

Gabatarwa

Koyarwar da aka saba ji a azuzuwan aikin talabijin ita ce a sayi kyamarori iri ɗaya, daga kamfani ɗaya, don kada launi ya saɓa. Shawarar ta dace da ɗakin watsa labarai, inda fitila ba ta canzawa kuma mai magana yana zaune. Ƙofar fadar Haɗeja ranar hawa wani abu ne daban: rana tsaka, ƙura, da dawakai a guje. Akwai kuma ra'ayin matasan da suka taso bayan fitowar Canon 5D Mark II a 2008, waɗanda ke ganin girman sensa, wato faifan da ke karɓar haske, shi ne ma'aunin kyau. Da su ne maƙalar ta fi jayayya.

Hanyar Bincike

An kalli hotunan hawan da aka ɗora a YouTube da Facebook, aka gwada abin da aka gani da bayanan da kamfanoni suka fitar kan kyamarorinsu.

Sakamako

Babbar sensa tana fito da abu guda tangaran, ta dusar da abin da ke gabansa da bayansa. Idan fuskar Mai Martaba Sarki Adamu Abubakar Maje ake so a ƙarƙashin laima, ko bakin mai algaita, kyamara mai babbar sensa irin Sony FX3 ba ta da ta biyu. Amma a lokacin jahi lamarin yakan juye. Mahayi ya taso daga nesa da mashi a ɗage, cikin 'yan sakanni ya iso gaban sarki ya ja linzami. Tazarar da ke fitowa sarai a babbar sensa siririya ce, doki kuwa ba ya jira; kafin mai ɗauka ya murza gilashi, mahayin ya zama inuwa, kuma ƙurar da kofato ya tayar takan ruɗi saitin da kyamarar ke yi da kanta. A nan ne Sony PXW-Z190, mai ƙananan sensa uku da ikon janyo hoto ninki 25, take yin abin da FX3 ta kasa: tana riƙe doki tun daga ƙarshen fili har ƙofar fada ba tare da an sauya gilashi ba. Sauya gilashi cikin wannan ƙura, kowa ya sani, ɗigo ne baƙi da zai bi hoton har ƙarshen aiki. Ga shi kuma Z190 tana da matatar rage haske a jikinta, abin da FX3 ba ta da shi, alhali ƙaramar Sallar 2023 da ta 2024 duk a Afrilu suka faɗo, watan da zafin Haɗeja ke haura digiri 40 kuma farar riga ke ƙonewa a hoto har aikin allurar wuyanta ya ɓace.

Saboda haka tsarin da ya dace shi ne ƙaramar sensa mai nisan janyowa ta zama uwar aiki, babbar kuma ta tsaya kan fuskoki. 

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne gudun hoto. Najeriya na kan tsarin hoto 25 a sakan, wanda ya yi daidai da wutar lantarkinmu, amma wayoyi da kyamarorin kwance da ake shigowa da su daga Amurka sukan zo a kan 30. Na'urar haɗa hotuna irin ATEM Mini za ta karɓi duka biyun, sai dai tana zubar da wasu hotunan, kuma a ƙafar doki ne tsinkewar ke bayyana. Launi ma haka: jan rigar dogari a Canon ba shi ne na Sony ba. Nuna wa duk kyamarorin farar takarda guda a wuri guda kafin hawa yana rage saɓanin sosai. Wajen jona kyamarorin kuma, wayar HDMI ba ta wuce kimanin mita 15 lafiya, ta SDI kan kai 100.

Iyakar Bincike

Dole a yarda cewa hoton intanet a matse yake, yana ɓoye wasu lahani, kuma ba kowane faifai ne ya bayyana kyamarar da aka yi shi da ita ba. Ba a shiga batun farashi ba, ko da yake shi ne yakan yanke hukunci a kasuwa. Binciken bai shafi ɗaukar dare ba, inda babbar sensa ke da rinjaye.