Asalin Sunan Yakubu da Ma'anarsa

Duk wanda ya bi gonakin noman rani na Kadawa, tsakanin Kura da Bunkure, zai ji ana kiran Yakubu. Galibi akan ɗauka sunan Larabci ne. Lalle ta hanyar Larabci ya iso mana, amma tushensa Ibrananci ne, kuma malaman nahawu sun san haka tun da daɗewa, domin cikin sunayen ajami suka lissafa shi, shi ya sa ba ya karɓar tanwini.

Littafin Farawa, sura 25, ya danganta shi da kalmar akeb, watau diddige, don an haife shi riƙe da diddigen tagwayensa Isuwa. A sura 27 kuwa Isuwa ya fassara shi da mai ƙwace matsayin wani. Masana harsunan Samiyawa suna ganin waɗannan bayanai biyu daga baya suka zo. An sami sunan da cikakkiyar sigarsa, Yakub-El, a allunan Mesofotamiya na ƙarni na 18 kafin Miladiyya, ma'anarsa kuwa Allah ya kiyaye. Ashe addu'a ce aka gajarta.

Saiwar nan mai baƙaƙe uku, ainun da ƙafun da ba'un, tana cikin Larabci, daga gare ta muka aro uƙuba, watau abin da ke biyo bayan laifi. A bakin Bahaushe ainun ya faɗi daga sunan, ƙafun ya koma k kamar a kabari da karatu, wasalin rufu'a kuma ya zauna daram a ƙarshe.

Shaidar daɗewarsa a ƙasarmu tana cikin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908. Sarki Yakubu, mahaifin Muhammadu Rumfa, ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, kuma a zamaninsa ne Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da lugga. Tun da an raɗa masa sunan kafin zuwansu, sunan ya riga littattafan shiga gidan sarauta.

Abin lura ga malaman kwalejojin horarwa shi ne, suna yakan yi tafiya ya bar ma'anarsa a gida. Bahaushe ba ya sa wa ɗan tagwaye Yakubu don diddige. Tagwayenmu Hasan da Husaini ne, mai bi musu Gambo. Albarkar Annabi ake nema. In za a koya wa ɗalibi sunan, sai a raba masa abu uku: asalin kalma, bayanin da littafi ya yi mata, da dalilin da iyaye ke zaɓenta.