Yadda Rauta Ta Koyi Rabon Hanya

A watan Oktoba na 1986, hanyar sadarwar da ta haɗa ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, ta cushe har saurinta ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40 kacal. A wancan zamani rauta, wato na'urar da ke miƙa ƙunshin bayanai daga wannan hanya zuwa waccan, doka ɗaya ta sani: wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama.

Van Jacobson ya kawo maganin farko a 1988, sai dai a kan kwamfutocin da ke aikawa ya ɗora shi: kowace ta sassauta gudu idan ta ga alamar cunkoso. Maganin ya dogara ga kawaicin mai aikawa, kawaici kuwa ba kowa ke da shi ba.

A 1995 Sally Floyd da Jacobson suka bayyana tsarin da ya mayar da hukunci hannun rauta, wanda aka fi sani da CBQ. Damuwarsu ita ce hukumomin da suka yi karo-karo suka biya kuɗin hanya guda: ta yaya kowace za ta sami rabonta? Sai suka tsara rabon kamar bishiya. Gindinta shi ne faɗin hanyar baki ɗaya, kowane reshe kuma rukuni ne mai kasonsa. Hikimar tana cikin aro: idan wani reshe bai yi amfani da kasonsa ba, maƙwabcinsa ya ara, da zarar mai shi ya buƙata kuma a mayar masa. Iyaka maras aro asara ce, domin hanya na iya zama fayau alhali wasu na jira.

CBQ ya yi wuyar saitawa. Martin Devera, ɗan ƙasar Cak, ya rubuta HTB, wanda ya shiga Linux a 2002. A nan lamba biyu ake ba kowane rukuni: kason da aka lamunce masa, da ƙololuwar da ba zai wuce ba ko da aro.

A kan HTB kamfanin MikroTik, wanda aka kafa a Riga ta ƙasar Latbiya a 1996, ya gina nasa tsarin rabon. Da irin na'urorinsa ne masu sayar da intanet a unguwannin Yamai da Kano kan ware adireshi 256 a rukuni ɗaya, su yanka wa masu saye kasonsu, su keɓe wani kason domin ofis.